Idan kamfanin wata ƙasa ya sayi na wata: al'ada ce ke lalata cinikin ko halin mai saye?

Malam Kabiru, Zariya: Assalamu alaikum jama'a. Bankunan Najeriya sun shiga sayen bankuna a ƙasashen waje. Access Bank kaɗai ya sayi Transnational Bank a Kenya a 2020, ya kuma sayi Grobank a Afirka ta Kudu a 2021. Don haka ina ganin ya kamata mu tattauna abin da ke biyo baya bayan an sa hannu a takarda an sha lemo an watse. Misalin da ake koyar da ɗalibai da shi a ko'ina shi ne na Daimler-Benz na Jamus, masu Marsandi, da Chrysler na Amurka. A watan Mayun 1998 aka sanar da haɗewarsu, ciniki na kusan dala biliyan 36, aka ce haɗin tsara da tsara ne, ba babba ba ƙarami. A 2007 Daimler ya sayar da kashi 80 cikin 100 na Chrysler ga kamfanin zuba jari na Cerberus a kan dala biliyan 7.4, kuma mafi yawan kuɗin cikin Chrysler aka zuba su, ba aljihun Daimler suka shiga ba. Bayanin da aka saba yi shi ne ɗabi'ar Bajamushe da ta Ba'amurke ce ta ƙi haɗuwa. Ni ban gamsu da wannan bayanin ba, amma bari in ji daga bakinku tukuna.

Injiniya Mustapha: Wa alaikumus salam Malam. Ni kam na gamsu, domin a Jamus na yi karatu kuma na yi aiki a masana'antarsu. Bajamushe ba ya shiga taro sai da takardu a shirye, an auna komai an lissafa, kuma abin da aka yanke a taron an yanke ke nan, ba a dawo da shi baya. Ba ka kiran na sama da kai da sunansa tsirara, sai ka haɗa da muƙaminsa. Chrysler kuwa abin da ya ɗaukaka shi a shekarun 1990 shi ne sauri. Sukan tara injiniya da mai zane da mai sayen kayan gyara da mai talla a rukuni ɗaya, a ba su mota ɗaya su fitar da ita cikin araha, ba sai sun jira izini daga sama ba. Da wannan tsarin suka zama cikin masu cin riba mafi yawa a harkar mota. To ka ɗauki mutumin da ya saba yanke shawara a tsaye a bakin ofis, ka ce masa ya rubuta rahoto ya aika Stuttgart, hedikwatar Daimler a Jamus, ya jira amsa.

Ga kuma doka. A Jamus, tun dokar 1976, babban kamfani mai ma'aikata sama da 2,000 sai rabin kujerun majalisar da ke sa ido a kan shugabanninsa sun kasance na wakilan ma'aikata. Ba'amurke bai san wannan ba. Ga albashi: shugabannin Chrysler suna ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da takwarorinsu na Daimler ke samu, alhali Jamusawan ne ke ganin su suka sayi kamfanin. Ga girman kai na injiniyoyin Marsandi, waɗanda da farko ba su so a sa kayansu a motar da suke yi wa kallon ta talakawa ba. Idan wannan duk ba al'ada ba ce, mene ne?

Zainab, Abuja: Injiniya, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka tsallake babban abu. A 2000 shugaban Daimler, Jürgen Schrempp, ya faɗa wa jaridar Financial Times da bakinsa cewa tun farko niyyarsa ita ce Chrysler ya zama reshe a ƙarƙashin Daimler, maganar tsara da tsara an yi ta ne don Amurkawan su yarda. Har Kirk Kerkorian, wanda ya fi kowa hannun jari a Chrysler kafin haɗewar, ya kai ƙara kotu a kan haka, ko da yake bai yi nasara ba. Thomas Stallkamp, wanda aka ɗora wa aikin haɗa kamfanonin biyu, an raba shi da kujerarsa a 1999. Bob Eaton, shugaban Chrysler, ya yi ritaya a 2000. Kafin ƙarshen shekarar an turo Dieter Zetsche daga Jamus ya karɓi ragama, a farkon 2001 aka sanar da rage ma'aikata 26,000. Mutanen da suka gina sirrin Chrysler sun watse. A wace ƙasa ce za a yi wa mutane alkawari, a fito a jarida a ce dama ba da gaske ake ba, su kuma ci gaba da aiki da zuciya ɗaya? Wannan cin amana ne, kuma babu al'adar da ke jure masa.

Injiniya Mustapha: Hajiya Zainab, ai ganin cewa dole a samu shugaba ɗaya da tsari ɗaya, shi ma daga tarbiyyar aikinsu ya fito.

Zainab, Abuja: To da sai ya faɗi haka a 1998, kowa ya san matsayinsa.

Abdulhadi: Malam, Allah ya ƙara ilimi. A aji an koya mana ma'aunin Hofstede, aka ce idan ƙasashe biyu sun yi nisa a ma'aunin, haɗin kamfanoninsu ya fi wuya. Shin ba za a iya amfani da shi a gane tun kafin a saya ba?

Malam Kabiru, Zariya: Yauwa Abdulhadi, ka kawo ni inda nake so in je. Geert Hofstede ɗan ƙasar Holan ne, ya yi nazarin amsoshin ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM a ƙasashe da dama, takardun tambaya sama da 100,000 da aka tattara tsakanin 1967 da 1973. Ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne yadda na ƙasa ke yarda da fifikon na sama. Jamus ta samu maki 35, Amurka 40, wato kusan ɗaya suke. Sin ta samu 80, Suwidin 31, nisan sama da ƙasa. Da lissafin nan ne ke yanke hukunci, da haɗin Jamus da Amurka ya yi kyau, na Sin da Suwidin ya wargaje. Sai aka samu akasin haka.

A 2010 kamfanin Geely na Sin ya sayi Volvo na Suwidin, mai ƙera ƙananan motoci, daga hannun Ford a kan dala biliyan 1.8, alhali Ford ya saye shi a 1999 a kan biliyan 6.45. Mutane da yawa a Suwidin sun ɗauka an gama da Volvo, za a kwashe fasahar a kai Sin a rufe masana'antar. Mai Geely, Li Shufu, ya ce Geely Geely ne, Volvo Volvo ne. Ya bar hedikwata a Gothenburg, ya bar Turawa suna shugabanci, daga 2012 ma ɗan Suwidin ne, Håkan Samuelsson. Abin da ya kawo shi ne kuɗin ƙera sababbin motoci da ƙofar shiga kasuwar Sin. A 2010 Volvo ya sayar da motoci kusan 373,000, a 2019 ya haura 700,000, a 2021 aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Stockholm. Li Shufu ya san abin da ya biya kuɗi dominsa, wato suna da ƙwarewar injiniyoyin Suwidin, ya kuma san idan ya taɓa yadda suke aiki zai lalata abin da ya saya da kansa.

Injiniya Mustapha: Malam, ka zaɓi ma'aunin da ya yi maka daɗi. A ma'aunin ƙin shiga abin da ba a tabbatar da shi ba, Jamus 65 ce, Amurka 46. A ma'aunin fifita kai a kan jama'a, Amurka 91, Jamus 67. A nan ne aka yi karon.

Baba Ɗanladi: Ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aikin kula da ma'aikata har na yi ritaya. Kabiru, misalin Volvo ɗin da ka kawo ai goyon bayan Mustapha yake yi. Me ya sa mutumin nan ya ƙi taɓa su? Don ya san ɗabi'ar aikinsu dabam ce da tasa, kuma yana ganin ƙimarta. A Suwidin ma'aikaci yana iya musu da manajansa a gaban jama'a, ƙungiyar ƙwadago kuma tana da wakili a majalisar kamfani. Da ya kawo musu tsarin "oga ya ce", da injiniyoyin sun kama gabansu. Wanda ya ga rami ya kauce, ba za ka ce babu ramin ba.

Malam Kabiru, Zariya: Baba, Allah ya ja da rai, ban ce babu bambanci ba. Cewa na yi girman bambancin ba shi ne ke nuna yadda za a ƙare ba.

Hajiya Rabi, Kano: Kuna ta Jamus da Suwidin, ga namu nan a gida. A 2012 Tiger Brands na Afirka ta Kudu ya sayi sama da kashi 63 cikin 100 na Dangote Flour Mills. Babban kamfani ne a ƙasarsu, sun san fulawa sun san burodi. Asara suka yi ta tafkawa, a ƙarshen 2015 suka mayar wa Dangote da hannun jarinsu a kan dala 1. Dala ɗaya tak. Kamfanin ya koma cin riba, a 2019 Olam ya saye shi a kan naira biliyan 120. Injinan su ne, alkamar ita ce, masu gidan burodin su ne.

Ni ban yi hulɗa da su ba, amma na yi dillancin kayan masarufi a kasuwar Singa na wani kamfani dabam da baƙi suka saya, kuma na ga yadda abin ke tafiya. Da, manajan sayarwa ya san kowane dila da sunansa. Ya san wanda za a ɗora wa tirela ba tare da ya biya ba, domin shekara da shekaru bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Ya san kafin azumi kaya na tafiya, a sake wa dila hannu, bayan salla a yi lissafi. Idan an yi maka rasuwa zai zo gaisuwa. Da sababbin suka zo, sai aka ce ba kaya sai an ga kuɗi a banki, kowa ya cike fom, kuma mutumin da ya san mu aka sallame shi aka kawo wanda sai an yi masa tafinta. Manyan diloli suka koma wa abokan hamayya, ba tare da faɗa ba. Su a takarda sun rage haɗarin bashi. A kasuwa kuwa sun rasa masu kai musu kaya Gusau da Maraɗi da Gaidam. Kamar mutum ne ya sayi shago a Kwari, ya kori yaron shagon da masu saye suka saba da shi, ya zauna yana mamakin ina ciniki ya tafi.

Zainab, Abuja: Hajiya, a yi adalci. Daga tsakiyar 2014 farashin man fetur ya faɗi, naira ta karye, alkama kuwa da dala ake shigo da ita. Rikicin Boko Haram ya rufe kasuwar arewa maso gabas da hanyar Chadi da Kamaru. Masana'antun fulawa sun yi yawa, kowa na rage farashi. Ko ɗan gida ne sai ya ji a jikinsa.

Hajiya Rabi, Kano: 'Yata, ai a 2016 naira ta fi karyewa, kuma a lokacin ne kamfanin ya farfaɗo.

Zainab, Abuja: Ya farfaɗo bayan Tiger ya yafe bashin da yake bin kamfanin, aka kuma zuba sabon kuɗi. Wanda aka sauke wa kaya dole ya fi sauri. Na yarda sanin kasuwa ya taimaka, amma kada mu mayar da komai gaisuwar ta'aziyya.

Hajiya Rabi, Kano: Ba gaisuwar ce ke sayar da fulawa ba. Amma ranar da kuɗi suka ƙare wa kowa, wanda ya zo gaisuwar shi za a fara biya.

Alhaji Issoufou, Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Akwai cinikin da ya shafe mu gaba ɗaya, mu da ku da Chadi da Gana. Layin wayar da muke kira Celtel, na Mo Ibrahim ɗan Sudan, kamfanin MTC na Kuwait ya saye shi a 2005 a kan dala biliyan 3.4, daga baya aka sauya masa suna zuwa Zain. A 2010 Bharti Airtel na Indiya ya sayi harkar Zain a ƙasashen Afirka 15 a kan dala biliyan 10.7. Malam Kabiru, a duba mana, ina jin a ma'aunin nan naka Indiya da Afirka ta Yamma kusa suke.

Malam Kabiru, Zariya: Ba kusa ba, Alhaji, a ma'aunin yarda da fifikon na sama maki ɗaya ne. Indiya 77, Afirka ta Yamma 77.

Alhaji Issoufou, Maraɗi: To ka gani. Su ma sun zo da tunanin mu da su ɗaya ne: talakawa masu yawa, kowa na son kira mai araha. A Indiya sun yi nasara da karya farashi ƙwarai, su ci riba daga yawan kira, su kuma ba wasu kamfanoni kwangilar kusan komai, kamar yadda suka ba IBM harkar kwamfutocinsu, nan ma haka suka yi. Amma Indiya ƙasa ɗaya ce, gwamnati ɗaya, kuɗi ɗaya, mutane a cunkushe. A nan ƙasa 15, hukumar sadarwa 15, wasu da Faransanci suke aiki wasu da Ingilishi, wannan na sefa wancan na naira. A Nijar sai ka kafa eriya ka yi ta zuba mata gas a janareta don garuruwan da ke nesa da juna. Dokar ƙwadagonmu kuma irin ta Faransa ce, ba ka sallamar ma'aikaci ko ka miƙa shi ga ɗan kwangila yadda ka ga dama. Shekaru suka yi ribar da suka yi tsammani ba ta zo ba. A 2016 suka sayar wa kamfanin waya na Orange rassansu na Burkina Faso da Saliyo, a Gana suka haɗe da layin Tigo a 2017, daga baya suka bar wa gwamnatin ƙasar. Amma ba su gudu ba. Sun sauya tsari, a 2019 suka shiga kasuwar hannun jari ta Landan da ta Legas, a 2021 ɗan Najeriya, Segun Ogunsanya, ya zama shugaban Airtel na Afirka baki ɗaya. Abin da na fahimta shi ne kamannin da suka gani tsakaninmu da su shi ya sa ba su yi tambaya da wuri ba.

Malam Kabiru, Zariya: Alhaji, ka faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kai. Mutumin Sin da ya je Suwidin ya san baƙo ne, sai ya taka a hankali. Bajamushe da ya je Amurka yana ganin ai duk Turawa ne, duk masu ƙera mota ne. Ɗan Afirka ta Kudu da ya zo Najeriya yana ganin ai duk Afirka ce. Wannan ne ya sa nake tsoron yadda bankunanmu za su shiga Nairobi da Johannesburg.

Abdulhadi: Na karanta cewa kafin ya sayi Zain, da MTN ne Bharti ya so ya haɗe.

Zainab, Abuja: Sau biyu ma, a 2008 da 2009. Na biyun ya rushe ne saboda gwamnatin Afirka ta Kudu tana so MTN ya ci gaba da zama kamfanin ƙasarta, tsarin da ta nema kuma dokar Indiya ba ta ba da damarsa ba. Wannan kishin ƙasa ne da doka, tun ba a kai ga ma'aikata sun zauna ofis ɗaya ba.

Ga wani misalin da nake so Injiniya ya amsa min. Rukunin Tata na Indiya ya sayi kamfanin ƙarfe na Corus a 2007 a kan kusan dala biliyan 12, ya kuma sayi Jaguar Land Rover daga Ford a 2008 a kan biliyan 2.3. Masu saye gida ɗaya, ma'aikata 'yan Birtaniya a duka biyun, shekara ɗaya tsakani. Jaguar Land Rover ya dawo ya zama shi ke ɗauke da Tata Motors na tsawon shekaru. Harkar ƙarfen kuwa asara a kan asara, har aka kashe manyan tanderun narka ƙarfe na garin Port Talbot a Birtaniya a 2024. Idan al'adar ƙasa ce ke yanke hukunci, me ya raba su? An sayi Corus da tsada ana dab da rikicin tattalin arzikin 2008, sannan ƙarfen Sin mai araha ya cika duniya.

Injiniya Mustapha: Na karɓi wannan, farashi da lokaci suna kashe ciniki ko da mala'iku ne ma'aikatan. Amma Ratan Tata, shugaban rukunin Tata a lokacin, da kansa a 2011 ya koka a jarida cewa manajojin da ya tarar a Birtaniya ba sa son wuce lokacin tashi, ranar Juma'a da yamma ba ka samun kowa a ofis. Ashe shi ma abin ya dame shi. Bambancin shi ne a Jaguar akwai ribar da za ta rufe ɓacin ran, a ƙarfe babu. Lokacin da kuɗi ke shigowa kowa na haƙuri da halin kowa. Da asara ta zo wa Chrysler a 2000, a nan ne kowane ɓangare ya fara cewa halin ɗayan ne ya jawo.

Baba Ɗanladi: Mustapha, wannan maganar taka ta fi ta farko nauyi. Ni abin da na gani a aiki, ma'aikaci ba ya karanta yarjejeniya. Abin da yake kallo shi ne wa aka ɗaga, wa aka sauke, da wane harshe ake magana a ɗakin da ake yanke shawara, kuma idan lokacin sallar Juma'a ya yi an sa taro ko ba a sa ba. A wata shida na farko yake yanke wa sababbin masu gida hukunci. Nagartattun su ne ke fara tafiya, domin su ne ke da inda za su.

Zainab, Abuja: Baba, shi ya sa batun bankunanmu ke damuna, domin cikin harkar nake. Mun saba a ɗora wa ma'aikaci adadin kuɗin ajiyar da zai kawo, ya kai dare a ofis, oga ya yi masa tsawa a taro ya ce "yi haƙuri ranka ya daɗe". A Afirka ta Kudu akwai hukumar sasanta rikicin ƙwadago, CCMA, wadda ƙaramin ma'aikaci zai kai ka gabanta idan ka sallame shi ba bisa ƙa'ida ba, akwai kuma dokar ba baƙar fata kaso a mallaka da shugabanci. A Kenya mutane sun saba da M-Pesa, wato tura kuɗi ta wayar hannu, tun 2007, abin da suke jira daga banki dabam ne da abin da mutumin Legas ke jira. Wanda aka tura daga hedikwata da tunanin zai koya musu aiki, zai tarar su ma suna da abin da suke ganin sun fi mu.

Hajiya Rabi, Kano: To ke da kike ciki, idan an zo tura mutum, wa ake zaɓa? Wanda ya iya zama da jama'a, ko wanda ya fi kusa da oga?

Zainab, Abuja: A inda na sani, Hajiya, wanda ya fi kawo kuɗin ajiya ake turawa, a matsayin lada. Ba a tambayar ko ya taɓa zama a wata ƙasa, ko zai iya sauraron wanda ke ƙasa da shi. Na taɓa kawo shawarar a riƙa ajiye tsofaffin manajojin bankin da aka saya aƙalla shekara biyu da yarjejeniya a rubuce, a kuma ɗauko wasu daga cikinsu su zo hedikwata su riƙe kujeru masu nauyi, kada tafiyar ta zama daga nan zuwa can kawai. An ce za a duba. Zan sake tayar da maganar a taronmu na gaba.